Wata Shidan Da Muka Zaɓa Wa Jiya

Damina tara ke nan ana ruwa a kan kabarin ƙanena Jiya. Da so samu ne, da bana ma abin da na saba zan yi: in dafa shinkafa in raba wa maƙwabta, in roƙa masa gafara, in ja bakina in yi shiru. To, shirun bai samu ba. Saura kwana kaɗan ranar rasuwarsa ta zagayo sai ga Baba Kolo, ƙanin mahaifinmu, ya taso takanas daga Bida, ya zauna a tabarmata a Dutsen Kura yana murza hula a hannu, wai in taimaka in tsaya wa ɗansa Isa a kotu. An kama Isa ya kwance batirin motar maƙwabcinsa, an kuma tarar da ƙwaya a aljihunsa. Alƙali ya ce ba dole ba ne a kai shi gidan yari. Idan akwai ɗan'uwa mazaunin Minna da zai sa hannu ya ɗauki nauyin kai shi asibiti, yana kawo wa kotu takardar likita duk wata, za a ba da shi. Idan babu, ranar Talata za a yanke masa hukunci. Duk danginmu kuwa ni kaɗai na rage a garin nan.

Na ce, "Baba, asibiti fa kuka ce?"

Ya ce, "Asibiti, Fati. Yaron nan ba ɓarawo ba ne. Ciwo ne ya kama shi."

Wai ciwo. Ban san lokacin da na miƙe na shige kicin ba, alhali babu abin da na ɗora a wuta. Na tsaya ina kallon tukwane, don na san idan na ƙara minti ɗaya a gaban dattijon nan zan faɗi maganar da ba a faɗa wa uba. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, wannan bakin ne ya ce a kai Jiya gidan yari, ranar da wata alƙaliya ta yi mana irin wannan tayin.

Bari in koma baya saboda wanda bai san mu ba. Jiya kafinta ne, mai rufin gida. Na girme shi da shekara goma sha biyu, ni na goye shi, da iyayenmu suka rasu kuma a ɗakina ya ƙarasa girma. Mutum ne mai surutu da tsokana, ba ya wuce gini bai ɗaga kai ba. Kuna tafe kuna hira sai ya tsaya a tsakiyar hanya ya nuna rufin mutane, ya ce, "Yaya, dubi wannan. Wanda ya buga shi ba ya tsoron Allah." Sau nawa na ja hannunsa don kada mai gidan ya ji. Nasa aikin kuwa babu ha'inci, shi ya sa har Bosso da Maikunkele ake zuwa nemansa.

A Maikunkelen ya faɗo. Katako ya karye da shi, ya sauko da ƙugu. Mai ɗori ya yi nasa, ƙashi ya kama, amma ciwon ya ƙi tafiya, shi kuma ga iyali, ba zai kwanta ba. Wani mai kemis ya ba shi tiramol, ya ce ya riƙa shan ɗaya idan zai hau sama. Ɗaya ta zama biyu, biyu ta zama kati guda. Lokacin ina koyarwa a firamare, ina ganin kaina wayayya, amma sai da ya sayar da zarto da guduma da injin goge katako kafin na yarda akwai abin da ke faruwa. Ina ganin gumin da yake yi ana sanyi, ina ganin yana gyangyaɗi ana masa magana, ina cewa gajiya ce. Daga ƙarshe shi da abokin aikinsa Danladi, wanda shi ma ƙwayar ta kama, suka ɗebe kwanon rufin wani mutum da ya ba su aiki, suka sayar. Mutumin ya kai ƙara, kuma ban ga laifinsa ba.

Ranar shari'a Baba Kolo ya zo a matsayin uba. Tun kafin a shiga, ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya raɗa mana cewa alƙaliyar nan tana da wata ɗabi'a: idan ta ga ƙwaya ce ta jawo laifi, mai kaya kuma ya yarda a mayar masa da haƙƙinsa, takan nemi dangi su kai mutum asibiti maimakon ta ɗaure shi. Na yi murna. Sai Baba ya ja ni gindin darbejiyar da ke harabar kotun, ya tambaye ni ko na san wane ɓangaren asibiti ake nufi. Ɓangaren masu taɓin hankali ne. Ya tuna mini saura wata biyu bikin 'yata Aisha, dangin mijin kuma suna tsakiyar bincike a Bida, gida-gida. Ya ce idan aka ji kawun amarya ya yi sata, za a ce halinsa ne shi kaɗai, kowane gida da irin nasa. Idan kuwa aka ji yana asibitin mahaukata, za a ce a jini yake, babu mai sake kawo ɗansa gidanmu, ba Aisha kaɗai ba, har ƙannenta da 'ya'yan kowa. "Wata shida a gidan yari kamar gobe ne," in ji shi. "Can babu ƙwaya. Zai huce, ya dawo da hankalinsa."

Wanda bai tashi a cikinmu ba zai yi mamakin wannan magana. Ni ban yi ba, don haka na tashi na ji ana auna abu. Gidan yari abin kunya ne na shekara ɗaya, asibitin ƙwaƙwalwa kuwa har jikoki. Masu binciken aure ba sa tambaya ko mutum ya warke, abin da suke so su ji shi ne ko an taɓa kai wani. Ni da nake tsayawa gaban aji ina gaya wa 'ya'yan mutane cewa ciwo duk ciwo ne, ban ce uffan ba.

Aka shigo da su biyu, ankwa ɗaya ta haɗa hannuwansu. Suka amsa laifi. Alƙaliyar, wata mace mai tabarau da ba ta ɗaga murya, ta tambaya ko akwai wanda zai karɓi Danladi. Kafin ta rufe baki uwarsa ta miƙe. Maman Danladi 'yar kudancin Kaduna ce, kayan miya take sayarwa a Kasuwar Kure, Hausarta kuma ta kasuwa ce, ba ruwanta da mace ko namiji. Ta ce, "Ranka ya dade, ka ba ni shi. Ni na haife shi, ni zan kai shi." Wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Alƙaliyar ba ta yi ba, ta dai rubuta. Sai ta juyo kan Jiya. Baba Kolo ya tashi ya gyara babbar riga, ya ce dangi sun gaji, hukuma ta hora shi. Matar nan ta cire tabarau, ta dubi bencin da muke, ta ce, "Babu wani kuma?" Ni take kallo, don ta ga ina kuka tun da aka shigo da shi. Jiya ma ni yake kallo. Na sunkuyar da kai ina duban takalmina har na ji ta ce wata shida.

Aka kwance ankwar, ɗaya ya bi uwarsa, ɗaya ya shiga mota. Aka yi bikin Aisha lafiya, aka ci aka sha.

Can babu ƙwaya! Duk lokacin da na tuna wannan magana sai in ji kamar in fasa wani abu. Kwanakin farko dai babu, kuma su ne suka kusa kashe shi: amai, gudawa, jijjiga irin ta wanda aka yanke wa abu farat ɗaya, a ɗakin da ake kwana a jere kamar kifi a kwando. Ya ce mini abokan ɗaki ne suka riƙa danne shi har abin ya lafa. Bayan nan kuma ya gane akwai ta, har da irin waɗanda bai taɓa jin sunansu a waje ba. Ba zan ɗora wa wani laifi ba, ban ga kowa da idona ba. Abin da na gani shi ne mutumin da aka miƙo mini bayan wata shida: ya rame, ƙazuwa ta cinye masa hannuwa, yana wani irin tari da ke tasowa tun daga ciki. Hucewa kuwa ya huce, don ya daina tsokana, sai ka wuni da shi bai yi magana goma ba.

Tarin fuka ne. An ce mana yana da magani, in dai mutum zai jure watanni yana sha bai tsallake ba. To da wane ƙarfin zai jure? Tun yana ciki iyayen matarsa suka zo suka ɗauke ta, suka ce ba su ba fursuna 'ya ba. Duk wanda ya je wurinsa neman aiki sai ya ce, "Za mu neme ka," yana fita kuma a leƙa a ga ko kaya suna nan. Kunyar da aka ce ta shekara ɗaya ce, a kan dangi ne ta yi shekara ɗaya, shi a kansa ba ta sauka ba. Ya fara maganin ya bari, ya sake farawa ya sake bari, ƙwaya kuma tana nan daram. Daga baya na kai shi asibitin nan da na ƙi a kotu, lokacin Aisha tana ɗakinta, babu abin da zan rasa. Likita ya duba shi, ya dube ni, ya ce da an zo da wuri. Shekara ɗaya da rabi bayan fitowarsa ya rasu a gidana, da hantsi, ina tsakar gida ina shanya.

Bai taɓa yi mini maganar ranar kotu ba, ko sau ɗaya. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Abin da kawai ya taɓa cewa, wata rana ina ba shi kunu, shi ne, "Yaya, bikin ya yi kyau?" Na ce ya yi. Ya ce, "To, alhamdu lillahi." Ya ci gaba da shan kununsa.

Danladi kuwa yana nan da ransa. Ba zan yi muku ƙarya in ce asibiti ya wanke shi tas rana ɗaya ba. Ya yi makonni a kwance, aka sallame shi, ya koma ruwa, uwarsa ta sake jan sa. Ya sake komawa. Akwai ranar da na gan shi a bakin kasuwa na ce a raina wannan ma ya gama. Amma ba a yanke shi daga mutane ba, wannan ne bambancin da na gani da idona. Yana kwana a gida, yana cin tuwon uwarsa, masu ba shi aiki ba su guje shi ba tunda babu mai kiransa fursuna, ya sallami mai kwano da guminsa, huhunsa kuma lafiya lau. Yau yana da rumfar kujeru a hanyar kasuwa, da mata, da 'ya'ya uku, har da tumbi. Idan ya hango ni sai ya taso da sauri ya karɓi kayana, "Sannu Yaya, kawo in kai miki." Allah ya yafe mini, akwai ranar da nake canza hanya don kada mu haɗu. Bai yi mini komai ba, bawan Allah. Tumbin nan ne ba na iya kallo.

Nakan tambayi kaina me Jiya zai ce da zai leƙo yau. Na san da dariya zai fara idan ya ji an canza wa gidan yari suna, wai yanzu gidan gyaran hali ne. Zai tambaya ko an ƙara taga. Zai ji a rediyo ana cewa doka ta yarda a ba mai ƙaramin laifi aikin al'umma ko a tura shi magani maimakon ɗauri, manya suna taro suna tafa wa juna, sai ya ce to madalla, ina gadon? Don ni na je na gani. Layin ɓangaren nan na masu taɓin hankali tun sassafe yake farawa, likitocin ba su da yawa, yau a ce maganin sai a waje, gobe a ce gado ya cika a gwada wata jiha. Alƙali zai iya cewa a kai mutum asibiti, amma ba shi zai yi jigilar ba. Wata uwa ce ko wata yaya za ta rufe rumfarta ta je ta bi layi, wanda kuma ba shi da mai yi masa haka, motar gidan yari ce dai za ta ɗauke shi kamar da.

Amma abin da zai fi ba shi haushi, ina jin, mu ne. Hukuma ko ba komai ta motsa, ko da taku ɗaya ne. Mu muna nan inda ya bar mu. Har gobe a unguwar nan uba yana ɗaukar ƙafa ya je ofishin 'yan sanda da kansa, ya ce, "Ku ajiye mini shi ya ɗan ji jiki," kamar wanda ya kai buhu ajiya. Wanda yake ganin ya fi wayo sai ya kai nasa wani gida a bayan gari, a sa masa mari a ƙafa a yi ta jibga, a ce magani ne. Ya fi son haka don babu kati, babu fayil, babu mai ganinsa a layi. Komai za mu iya jurewa a jikin ɗa, ban da a gan mu. Na yi magana a gidan biki, na yi a gidan suna, har mata suka fara cewa Malama Fati ta cika zancen 'yan ƙwaya. Wata ta taɓa yaɓa mini cewa ai dole in sani tunda a gidana aka yi. Na ce ƙwarai kuwa, shi ya sa nake gaya miki.

To, duk wannan bakin nawa, da Baba Kolo ya zauna a tabarmata ban ce masa to ba. Na fito daga kicin na ce zan yi tunani, ya tafi masaukinsa. Gaskiya ban yi niyyar zuwa kotun ba. Kwana biyu ina wasa maganganun da zan mayar masa. In ce masa wata shida kamar gobe ne. In ce masa can babu ƙwaya. Na jera su, na maimaita, har daɗi suke yi mini a baki. Ban da fushin kuma akwai tsoro na gaske. Na tsufa, gwiwa ta ƙi, ina ni ina saurayi ɗan shekara ashirin da biyar da zai zauna a gidana yana neman abin da zan hana shi? Idan ya gudu, ni kotu za ta nema.

Ranar Litinin na tafi Kure wajen Maman Danladi. Duk shekarun nan gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Na same ta tana ware ruɓaɓɓen tumatir, ita ma ta tsufa, ta turo mini kujera 'yar tsugunno da ƙafa. Na zayyana mata komai, na ƙare da cewa mutumin da ya kashe mini ƙane shi ne yau yake so in ceci nasa ɗan. Na zaci za ta taya ni. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

Ta ce, "Malama, ba baban kadai ba ne fa. Ina wurin. Alkali ya tambaye ka."

Wallahi da wata ce da an raba mu a kasuwar nan. Shekara goma sha ɗaya babu wanda ya faɗa mini wannan a fuska, kowa lallaɓa ni yake, a ce ƙaddara ce, a ce mace ba ta da ta cewa a gaban uba, ni kuma in karɓa don ta yi mini daidai. Ta bar ni na gama huci, sannan ta shiga karanta mini abin da ke gabana kamar mai ba da sautu. Ta ce zai yi mini ƙarya yana kallon idona, kada in sa a zuciya. Ta ce in kwashe tukunyar gas da duk abin da hannu ɗaya zai iya ɗauka in kai maƙwabta. Ta ce in riƙa zuwa asibiti da abinci da ruwa, don sai azahar ta wuce ba a zo kanmu ba. Ta ce zai koma, sau ɗaya ko sau uku, ranar da ya koma kada in ce magani bai yi ba, in sake ɗaukar jakata kawai. Ban ce mata zan yi ba, ita ma ba ta tambaye ni ba. Da zan tafi ta cusa mini tattasai a leda.

Ranar Talata na je. Aka shigo da Isa. Rabona da shi tun yana sakandare. Ya yi baƙi, leɓensa ya bushe. Alƙalin, wani matashi, ya tambaya ko an sami wanda zai tsaya masa. Sai da na dafa kafaɗar na kusa da ni kafin gwiwar nan ta yarda na miƙe. Na faɗi sunana da unguwata. Ya tambaye ni ko na san nauyin da nake ɗauka, na ce na sani. Aka miƙo takarda na sa hannu. Duka abin bai kai minti biyar ba, kuma wannan ma ya ba ni haushi. Ashe abin da na kasa ke nan, tashi tsaye da faɗin suna.

A waje Baba Kolo ya kama hannuna da hannu biyu yana sa mini albarka, hawaye har gemu. Na ji zuciyata ta fara saukowa, na ce a raina ƙila yanzu zai ambaci sunan Jiya. Sai ya waiga hagu da dama, ya rage murya, ya ce, "Fati, abu ɗaya. Kada a ji a gida. Akwai 'yan mata a gabanmu. Za mu ce yana Abuja yana koyon aiki."

Na tsaya ina kallonsa. A bikin Aisha, da baƙi suka tambayi ina kawun amarya, Legas muka ce ya tafi aiki. Ni da bakina na faɗa, ina murmushi, ina raba goro. Ko satar da aka ce ba ta ɓata dangi, ba mu bari an ji ta ba. Kuma duk tsawon shekarun nan, ni mai karatun, bai taɓa faɗo mini a rai ba sai a wannan tsayuwar cewa Legas ɗin da ta rufe gidan yari, da ta iya rufe gadon asibiti.

Na ce, "Baba, ashe ana iya haka? Ashe za a iya kai mutum asibiti a ce yana wani gari?"

Ya gane. Na ga lokacin da ya gane, don ya saki hannuna. Maganganun nan da na kwana biyu ina wasawa, ko ɗaya ban yi amfani da ita ba.

Amma Abujar ban karɓa ba. Na gaya masa duk wanda ya tambaye ni ina Isa, zan ce yana gidana a Dutsen Kura yana shan magani. Idan wani ya fasa auren 'yarmu saboda haka, ya fasa. Na san da sauƙin faɗa yanzu da nawa duk suna ɗakinsu, ba sai an gaya mini ba. Ya koma Bida bai yi mini sallama ba.

Mako na uku ke nan. Isa ya yi amai, ya yi zagi, ya yi mini ƙarya sau biyu da na sani. Ban san yadda za ta ƙare ba, likita ma bai yi mini alkawarin komai ba. Idan aka tambaye ni me ya rage na Jiya, ba abu mai yawa ba ne. Bai bar ɗa ba, kayan aikinsa sun tafi tun yana raye, hotonsa ɗaya ne gare ni kuma ya fara dishewa. Kada kuma wani ya ce mini mutuwarsa ta zama darasi, na tsani wannan magana. Bai mutu don Isa ya rayu ba. Ya mutu don mun ji kunya, ni da Baba, kuma babu abin da zan yi wa Isa da zai goge wannan. Abin da ya bar mini kawai shi ne kunyar ta fita daga jikina, ita ma da tsada na saye ta.

Laraba da ta wuce muna zaune a benci a asibiti, daidai ƙarƙashin allon da aka rubuta sunan ɓangaren, sai ga wata 'yar Bida da ta zo dubiya wani ɗaki, irin matan da ba a biki babu su. Ta ci birki. Ta dubi allon, ta dube ni, ta ce, "Malama Fati, lafiya? Me kike yi a nan?" Isa ya cusa kai tsakanin gwiwoyi.

Na ce, "Ƙanena na kawo, yana karɓar magani. Isa, ɗago ka gaishe ta."

Ya ɗago ya gaishe ta. Jiya ne ya kamata ya ji wannan magana daga bakina, shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Allah ya ji ƙansa, ya kuma yafe wa yayarsa.